Zan shiga tseren SUP na farko a kogi, dan Allah ku ban shawara

Sabon_Matuƙi:
Salam 'yan uwa. Na yi rajistar tseren SUP, allon nan da ake tuƙawa a tsaye, kuma ban taɓa shiga gasa ba sai yanzu. A kogi za a yi, za mu haura sama mu zagaye alama sannan mu gangaro. Damuwata ita ce ni duk tuƙina a tafki nake yi inda ruwa yake kwance, allona kuma na hurawa ne mai faɗin inci 32. Wani abokina ya ce zai ara min nasa na tsere, tsawon ƙafa 14 faɗin inci 23, wai ya fi nawa gudu nesa ba kusa ba. In karɓa ko in tsaya a nawa? Sannan igiyar da ake ɗaurawa a idon sawu, na ji ana cewa ba a sa ta a kogi, gaskiya ne?

Yar_Kogi:
Wslm ƙanina. Bari in fara da igiyar don ita ce maganar rai. Eh gaskiya ne, a ruwan da yake gudu kada ka kuskura ka ɗaura a ƙafa. In ka faɗa, kai ka bi ta nan allon ya bi ta can, igiyar ta sarƙe a reshe ko ƙafar gada, to ruwa zai miƙar da kai ya danne ka ƙasa kuma wallahi hannunka ba zai kai idon sawunka ba balle ka kwance, komai ƙarfinka. Ka nemi bel na ƙugu mai ɗan ƙwallon da ake fizgewa ya saki nan take, ka yi ta gwada fizge shi ido a rufe har hannunka ya san wurin. Rigar ceto kuma a jiki, ba a ɗaure kan allo ba. Ka tambayi masu shirya gasar ko akwai madatsa a kusa da hanyar, a 2021 mutum huɗu suka rasu a kogin Cleddau a Wales saboda madatsa bayan ruwan sama ya cika kogin, abin har yanzu yana taɓa min zuciya.

Baban_Filafili:
Abin da Hajiya ta faɗa haka yake, ba ƙari.

Batun allo kuma malam ka bar masa inci 23 ɗinsa. Gudunsa na wanda ya iya tsayawa a kai ne. Lokacin tashi kowa yana kwasar ruwa, igiyar ruwa na dukanka hagu da dama, ƙafafu na rawa, faɗuwa biyu kawai sun cinye duk ribar da allon zai ba ka. In za ka samu ƙafa 14 ko 12 da inci 6 mai faɗin inci 26 zuwa 28 to ya yi, in babu ka hura naka ya yi tauri sosai yadda kamfanin ya rubuta a jikinsa ka shiga da shi.

Abin da zai raba ka da mutane a kogi karatun ruwa ne. Wajen haurawa ka manne gaɓa, can ruwa ba shi da ja sosai, musamman ta cikin kwana. Wajen gangarowa ka fito tsakiya inda yake gudu ya ɗauke ka kyauta. Sau da yawa za ka ga mai ƙarfi yana ta fama a tsakiya gumi sharkaf, wata dattijuwa tana bin gefe a hankali tana wuce shi. Amma gefe akwai ciyawa da duwatsu, ka sa gajeren fiffike a ƙasan allon, wato ɗan abin nan da ke shiga cikin ruwa yana hana allon karkacewa, in ka ji allon ya yi nauyi ba dalili to ciyawa ce ta maƙale, ka yi tuƙin baya sau biyu ta zame.

Sabon_Matuƙi:
Na gode sosai Hajiya, na gode Baba. To in ƙafata ta gaji zan iya durƙusawa in ci gaba ko za su cire ni?

Mai_Ƙafa14:
Ya danganta da gasar ɗan'uwa. Da yawa dokarsu tuƙi biyar kawai za ka yi a durƙushe sai ka miƙe, amma rukunin sababbi wasu suna sassautawa, ka tambaya a taron bayani kafin tashi, ka haɗa da tambayar ko an yarda ka bi bayan wani allon yana yanka maka ruwa don hakan na rage wahala sosai. Ni dai ban yarda da Baba kan gajeren fiffike ba in kogin mai zurfi ne, allon zai riƙa karkacewa kana canza hannu kullum. Wajen zagaye alama kuma kada ka ce sai ka taka baya ka ɗaga hancin allo irin na ƙwararru, ka buɗe kwanar kawai, ka ɗan wuce alamar ta sama kafin ka juya don ruwa zai turo ka kanta. Tafin ƙafa in ya fara mutuwa ka riƙa motsa yatsu kana ɗaga dunduniya ɗaya bayan ɗaya.