Wuta na zuwa amma firiza ta ƙi tashi, sitabilaiza zan saya?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanƙara da zoɓo nake sayarwa a gida, firiza biyu gare ni. Tunda zafin nan ya shigo, ana kawo mana wuta kam, amma da an yi magariba sai ƙwan fitila ya dushe, fanka na juyawa da ƙyar. Firiza kuwa sai ta yi gurnani, ta yi ƙas, ta tsaya, can an jima ta sake. Sai dare ya raba take tashi sosai, gari ya waye ƙanƙara ba ta kama ba. Abin da ya ɗaure min kai, gidan da ke kallonmu wutarsu garau, alhali taransifomarmu ɗaya. Ƙanin maigidana ya ce in sayi sitabilaiza. Kafin in zuba kuɗi, don Allah masu sani a ba ni shawara.

Mai Wayarin:
Wa alaikumus salam Hajiya. Da farko ki riƙa kashe firizojin idan wutar ta yi ƙasa. Ƙas ɗin da kike ji, abin kariyar kwamfireso, wato injin da ke sanyaya firizar, ne ke yanke wuta saboda ya yi zafi. Kwamfireso in bai samu ƙarfin da zai tashi ba, jan wuta yake ta yi yana ɗumama, wata rana ya ƙone.

A Najeriya ƙarfin wutar gida volt 230 ne. Taransifoma na fitar da layi uku da nutural ɗaya, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, kowane gida an ɗora shi a kan layi guda. Maƙwabtanku suna wani layin ne. Naku an cika masa kaya, ga masu na'urar sanyaya ɗaki, ga hita, ga injin jan ruwa, duk a lokaci ɗaya. In kuma gidanku na can ƙarshen falwaya, ko wayar siririya ce, ko mahaɗarta ta yi tsatsa, abin ya ƙara lalacewa.

Ki sa mai gyaran wuta ya gwada soket ɗinki da mita wajen ƙarfe takwas na dare, ba da rana ba. In ya ga 170 ko 180, sitabilaiza za ta ɗauka. In ya yi ƙasa da haka sosai, sai ki duba abin da aka rubuta a jikinta, domin kowace tana da iyakar inda take farawa, kuma iya ƙarancin wuta iya raguwar kayan da za ta iya ɗauka. Ki sayi babba, mai ɗan jinkirin nan na minti uku kafin ta saki wuta.

Baban Sadik:
Hajiya, kar ki yarda yaran unguwa su hau falwaya su canja miki layi. Ban da haɗarin rai, kowa ya koma layi mai ƙarfi gobe shi ma ya faɗi. A layinmu bara nutural ce ta tsinke bayan irin wannan taɓe-taɓen. Tsakanin layi da layi wajen volt 400 ne, in nutural ta tafi wasu gidajen kusan hakan ke shigar musu. Talabijin ɗina da cajojin gidan duk sun tafi. In kika ga fitila ta yi haske fiye da kima, ki ruga ki sauke babban makunni.

Ɗan Birni:
Raba kaya a kan layukan nan aikin kamfanin wuta ne, ba alfarma ba ce. Ku haɗu ku rubuta takarda zuwa sashen karɓar ƙorafi na kamfanin, ku riƙe kwafi. In ba su yi komai ba, akwai ofishin sauraron ƙorafi na NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki a ƙasa. Mutane sun fi lissafin awannin wuta da aka ware wa kowane rukunin masu amfani da ita, rukunin A awa 20 a rana, B awa 16, har zuwa E mai awa 4. To awa 20 da ba ta tayar da firiza, ina amfaninta ga mai ƙanƙara?

Maman Hanan:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. An gwada jiya bayan isha'i, 152 aka gani. Maigida ya ce zai yi wa mai unguwa maganar takardar. Malam Mai Wayarin, a wannan halin ɗaya babba zan saya wa firiza biyun, ko kowace da tata?