Me ya sa Gran Turismo 7 ke cika mu da motocin da ba na tsere ba?

Mai tambaya: Jama'a, tun fitowar wannan wasan bidiyo na tseren motoci a 2022 muke jiran sababbin motocin GT3 (wani rukuni na motocin tsere), amma Polyphony Digital, kamfanin da ya ƙirƙiri wasan, ya kawo motar asibiti ta Toyota a 2023, sannan Hiace a 2024. Wane ne ya roƙi waɗannan?

Amsa ta farko: Malam, kowace mota sai an sami lasisi daga kamfanin da ya ƙera ta, kuma zana ta ciki da waje yana cin watanni, shi ya sa ba duk abin da muke so ke samuwa da wuri ba.

Amsa ta biyu: Ni kam na ji daɗin Hiace, domin ita muke hawa a tashoshinmu.

Mai tambaya: Ban ƙi ba, sai dai masu fafatawa ta intanet sun gaji da tsofaffin motoci.