Wrench ko sufana: wa ya taɓa cin karo da wannan?

Mai Camry: Assalamu alaikum 'yan uwa. Motata 'yar Amurka ce, ta Kwatano ta shigo, da littafinta a ciki. A wajen bayanin canjin taya an rubuta a ɗauko "wheel nut wrench". Na rubuta wa yaro sunan a takarda na aike shi kasuwa, sai ga shi da wani ƙaton ƙarfe mai haƙora irin na masu gyaran famfo. Akwai wanda haka ta taɓa faruwa da shi?

Bakanike, Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam Alhaji. Wil sufana suke nufi, wato ƙarfen kwance notin taya. Amurkawa duk abin kwance noti wrench suke ce masa, Turawan Ingila kuma spanner, wanda muka gada muka mai da shi sufana. A nan in ka ce wrench, hankalin mai shago na komawa kan mai haƙoran nan na faif, don haka bai yi laifi ba. Notin tayar Toyota yawanci lamba 21 ne. Ka ɗaga shimfiɗar but, kusa da jak da safaya, da wuya ka rasa shi a nan.

Mai gyaran janareto, Kaduna: Ni ba sunan ne ke damuna ba, awon ne. An taɓa kawo mini inji mai tambarin Briggs & Stratton, tsohon yayi, duk notinansa na inci ne. Lamba 12 ta ƙi shiga, 13 ta shiga tana rawa. Dalili, rabin inci milimita 12.7 ne. Wani kuma 9/16 na inci, wato kusan milimita 14.3: sufana 14 ba ta hawa, 15 kuma sai ta zame. Kafin a kawo mini ai wani ya riga ya matsa masa da 15, kusurwoyin kan notin duk sun cinye, ya koma sumul yana ƙyalli. Da cizal da guduma na fitar da shi. Inda Allah ya taimake mu shi ne 3/4 na inci da lamba 19, su kam kusan ɗaya ne. Duk wanda zai yi odar saiti daga waje, ya duba ko an rubuta SAE, wannan na inci ne, ba zai yi wa motar Japan amfani ba ko da a Amurka aka haɗa ta.

Direba, Maraɗi: Mu nan kile muke cewa, daga Faransanci. Ranar farko da motata ta lalace a hanyar Katsina na ce wa yaron bakanike ya miƙo kile 17, sai ya tsaya yana kallona. Lambar ce ta cece mu.

Maman Twins: Ni a gaban mota na haɗu da shi. Hoton sufana ya kama a dashbod ɗin Honda ta, hankalina ya tashi, na yi fakin a bakin titi. Ashe lokacin juyen baƙin mai ne kawai ya yi.

Bakanike, Ƙofar Ruwa: Haka ne Hajiya, a Honda da Fijo 406 tunin sabis ne. Amma mai Ford kar ya ɗauke shi wasa, a wajensu alamar matsala ce a inji ko giya, a kai a sa mata kwamfuta.

Mai gyaran janareto, Kaduna: Tunda taya ake magana, Alhaji ka sa ido a wajen faci. Akwai torque wrench, mai ƙara ƙas idan ɗauri ya kai, kuma Camry kusan 103 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) take so. Su kuwa sai su zura faif a wil sufana, yaro ya hau ya yi tsalle a kai. A gabana aka karya wa wani maƙwabcina ƙusar taya haka, mai facin kuma ya rantse dama can ruɓaɓɓiya ce.