Me za mu kira « œil trouble » na kifin akwariyom?

Malam Isufu, Yamai:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ana shirya takardar bayani da Hausa don masu sayen kifin ado na akwariyom, wato akwatin gilashin da ake kiwonsu a ciki, mun cije a kan « œil trouble », wato idon kifi ya yi fari-fari kamar an ɗiga masa madara. Wasu sun ce a rubuta yanar ido. Ya dace?

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam. Malam Isufu, yanar ido ba za ta yi ba, don a asibiti sunan « cataracte » ke nan, ita kuwa can cikin ƙwayar ido take. Wannan mafi yawa a fatar saman ido yake. A haska toci daga gefe a duba. In farin ya lulluɓe saman, shi ne wanda muke magana. In saman garau yake amma tsakiyar baƙin ya yi fari, to yana ce ta gaske: ko tsufa, ko ƙarancin bitamin a abinci, ko tsutsar Diplostomum mai bi ta dodon koɗi da tsuntsaye, wadda aka fi gani a kifin kogi da na tabki. Gishirin da ake zubawa a ruwa don magani ba ya taɓa ta. In aka haɗa su suna ɗaya, mutane za su yi ta zuba magani a banza.

Abdu, Tawa:
Mu nan hakiya za mu ce.

Hajiya Rabi:
Hakiya tabo ce da ta riga ta zauna, Abdu. A bar ta ga idon da ya warke amma farin bai tafi ba.

Malam Sani:
Ni dai hazon ido na zaɓa. Hazo yana saukowa yana washewa, kuma alama ce, ba ita ce cutar ba. Ido ɗaya a kifi ɗaya, galibi rauni ne: raga ta goge shi, ko dutse mai kaifi, ko faɗa. Ido biyu, ko kifaye da yawa lokaci guda, a tuhumi ruwa tun kafin a je farmasi. A auna ruwan: amoniya da nitirit, dafin da ke samuwa daga kashin kifi, su zama 0, nitirat ƙasa da miligiram 40 a lita, pH, wato awon tsamin ruwa, kada ya faɗi ƙasa da 6. A zafin Afirilu da Mayu abin ya fi tsanani, don dafin amoniya yana ƙaruwa da ɗumin ruwa, iskar cikinsa kuma tana raguwa. In kuran, wato wutar lantarki, ya daɗe bai dawo ba, ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke tace ƙazanta a filtir suna mutuwa, sai amoniya ta hau.

Abdu:
To maganin fa, Malam?

Malam Sani:
A sauya kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na ruwan kullum har awo ya daidaita. Ruwan pampo a sa masa maganin kulor, ko ya kwana awa 24 a buɗe da famfon iska, kuma ɗuminsa ya zo ɗaya da na akwariyom. Soson filtir a matse shi cikin ruwan da aka kwaso daga akwariyom, ban da na pampo. Sai gishiri tsantsa, giram 1 zuwa 3 a lita. Akwariyom mai santimita 60 da 30 da 30 lita 54 ne, giram 108 ke nan in ana son giram 2 a lita. A narkar da shi a waje, a zuba kashi uku cikin kwana biyu. Gishiri ba ya bin tururi, saboda haka in ruwa ya ƙafe aka cika, ba a ƙara shi. Sai wanda aka kwashe ake mayar wa nasa. Kifin da ake kira Corydoras da tsirrai ba sa jure shi, gara a ware maras lafiyar shi kaɗai.

Hajiya Rabi:
Don Allah a rubuta da manyan baƙaƙe: ban da kanwa, ban da balma. Kanwa tana ɗaga pH, amoniyar ta ƙara dafi. In an yi mako babu sauƙi, ko ido ya kumbura ya ɓullo, ko jikin ya yi ja, ƙwayoyin cuta sun shiga, sai a nemi likitan dabbobi. Antibiyotik a wurin keɓewa ake ba shi, a cire gawayin filtir don yana tsotse maganin.

Malam Isufu:
Madalla, na gode. Ga abin da zai shiga takarda: hazon ido ga farin saman ido, yanar ido ga na cikin ƙwaya, hakiya ga tabon da ya saura, kumburin ido ga « exophtalmie ». Abdu, ka gwada hazon ido a bakin masu kifi na Tawa, mu ji ko ya zauna musu.