Include ko require: wanne ya dace da fayilolin da shafuka ke tarayya a kansu a PHP?

Sabon Ɗalibi:
Assalamu alaikum malamai. Ina gina wa wani shagon magani shafin intanet da PHP, kuma akwai fayiloli uku da kowane shafi yake buƙata: na haɗawa da rumbun bayanai, na saman shafi, da na ƙasansa. Na lura umarni huɗu ne ke shigo da fayil, wato include, require, include_once da require_once, kuma duk wanda na gwada aiki yana tafiya. Shin akwai bambancin da ya kai a damu da shi?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Bambancin ba ya fitowa sai ranar da fayil ya ɓace ko aka kuskure sunansa. A ranar, include gargaɗi kawai zai bayar ya ci gaba da sauran layuka, shi kuwa require nan take zai tsayar da komai. Ka ɗauka fayil ɗin da ke tantance ko mutum ya shiga da kalmar sirri ne ya ɓace, alhali da include ka kira shi: shafin zai buɗe, lissafin cinikin shagon ya bayyana ga duk wanda ya leƙo. Don haka rumbun bayanai da tantancewa na require ne. Ƙasan shafi kuwa, wanda adireshi ne kawai a cikinsa, include ya wadatar.

Malama Mai Lura:
Na yarda da Malam, sai dai ɗana, ka yi hattara da masu once ɗin, wato include_once da require_once, waɗanda sau ɗaya kawai suke shigo da fayil ko sau nawa aka kira shi. Suna da amfani ga fayil mai ɗauke da fankshin, wato tarin umarnin da aka ba suna don a riƙa kiransa, domin idan ya shigo sau biyu PHP zai ƙi, ya ce an riga an ayyana sunan. Ko WordPress, manhajar gina shafukan intanet da aka rubuta da PHP, da require_once yake kiran fayil ɗinsa wp-settings.php. Amma idan kana da ɗan fayil mai zana katin magani guda, ka kira shi da include_once a cikin zagayen da ke maimaita umarni ga magunguna ashirin, kati ɗaya za ka gani, kuma babu saƙon kuskuren da zai nuna maka dalili. Sannan ka riƙa fara hanyar fayil da `__DIR__`, wanda ya zo da PHP 5.3 a 2009, domin hanyar ta dogara da foldar da fayil ɗinka yake zaune.

Mai Gadin Sabar:
A ganina haɗarin da ya fi waɗannan shi ne ɗauko sunan fayil daga adireshin da baƙo ya rubuta a miƙa wa include kai tsaye, domin da ɗigo biyu da layi a karkace (`../`) zai iya haurawa foldar sama ya karanta abin da ba nasa ba. A rubuta jerin shafukan da aka amince da su, a ƙi duk sunan da ba ya ciki. Idan aikin ya girma, ɗan'uwa, ka koma ga Composer, manhajar da ke tsara shigo da kayan aikin PHP, wanda ya fito a 2012: layi ɗaya na require da ke kiran vendor/autoload.php zai riƙa shigo da kowane aji (class, wato rukunin fankshin da bayanai) a lokacin da aka buƙace shi.