Naman kazan bakin suri ya yi tsutsa, a ci ko a zubar?

Maman Sadiya, Zariya: Assalamu alaikum. Tun da ruwa ya zauna bana naman kaza ke fitowa a gindin wani suri a gonarmu. Da na tsaga wanda na ɗebo, sai ga 'yan fararen tsutsotsi masu baƙin kai sun huhhuda karan. Surukata ta ce tunda tsutsa ta ci, ba shi da guba. Haka ne? Kuma yaya ake fitar da su?

Baba Manomi, Kafanchan: Wa alaikumus salam, 'yata. Na suri gara ce ke nomansa a cikin gidanta, shi muke sawa a miya a nan. Kada ki fizge shi, ki tona da wuƙa. Na ainihi yana da doguwar saiwa da ta nutse har gidan garar, kuma tsakiyar laimarsa akwai ɗan tsini. Amma fa ba duk abin da ya tsiro kusa da suri ne na gara ba. Ki fara fita da wadda ta daɗe tana ɗiba.

Tsutsar kuwa ƙananan ƙudaje ne ke saka ƙwai. Ki yi sammako, ki zaɓi wanda bai gama buɗewa ba, ki tsaga shi tun a gona, ki yanke inda suka ci. A kwando za ki zuba, leda dafa shi take yi. A gida ki jiƙa a ruwan gishiri kamar minti 20, za su fito. Wanda ya yi laushi yana wari, zubar da shi.

Anti Nas: Maman Sadiya, don Allah ki ajiye maganar surukarki, da girmanta. Tsutsa na cin mai guba ta kwana lafiya. Akwai masu lalata hanta a wani dangin naman kaza da ake kira Amanita, kuma dahuwa ba ta kashe gubarsu. Sai bayan awa 6 ko fiye amai da zawo ke farawa, mutum ya ɗan ji sauƙi, alhali hanta na ci gaba da lalacewa. Duk naman kazan da kika ga gindinsa cikin wata 'yar jaka, ki bar shi. Ki kuma kifa laimar a kan farar takarda ta kwana; in ta zubar da gari kore-kore, kada ki ci. In wani ya ci ya fara amai, a kai shi asibiti nan take, a tafi da ragowar.

Maman Sadiya, Zariya: Na gode ƙwarai. Baba, in na shanya shi zai kai rani?

Baba Manomi, Kafanchan: Zai kai, in kin yayyanka shi siri-siri ya bushe ƙayau. Ki adana a kwalba mai murfi.