Tagwaye ko ma'aurata, da sunan hasken da ke dusashewa a hankali

A zamanmu da malaman kimiyya a Agege, nan Legas, mun tsaya kan neman sunan Hausa ga abin da Turawa ke kira X-ray binary, wato taurari biyu masu kewaya juna: ɗaya rayayye, ɗayan kuma matacce mai tsananin nauyi, wato tauraron niyutiron (neutron star) ko baƙin rami (black hole), wanda ke zuƙar iskar gas daga abokinsa har ta yi zafin da take fitar da hasken eksire.

Wani dattijo ya kawo "tagwayen taurari". Na ce, Allah ya gafarta Malam, tagwaye kama suke nunawa, waɗannan kuwa ba su yi kama ba ko kaɗan. Muka tsaya a kan "taurari ma'aurata masu eksire".

Inda aka sha gumi shi ne sunan sauyin haskensu mai ɗaukar lokaci. A dubi Hercules X-1, ɗaya daga cikin irin waɗannan ma'aurata, wanda tauraron ɗan'adam Uhuru, da aka harba daga gaɓar tekun Kenya a 1970, ya gano a 1971. Haskensa yana kiftawa duk daƙiƙa 1.24, yana shiga husufi duk kwana 1.7 idan abokinsa ya tare shi, sannan yana ƙaruwa ya dusashe a cikin kwana 35. Idan muka ce "sauyin haske" kawai, mun zuba ukun a ƙwarya ɗaya, alhali na ƙarshen muke nufi.

Masana suna danganta na kwana 35 ɗin da faifan gas da ke kewaye da mataccen tauraron, wanda ya karkace yana layi kamar katantanwar da yaro ya murza ta kusa faɗuwa, sai ya riƙa tare hasken yana buɗewa. Shi ya sa na ba da shawarar "tangaɗin faifai", kuma ya dace da wasu ma'auratan da ake kira SS 433, masu tangaɗin faifai na kwana 162 da kewaya juna a kwana 13.

Sai dai wata malama ta yi gyara mai kyau: akwai irin su Aquila X-1, waɗanda haskensu ke tashi bayan watanni saboda gas da ya taru ya kwararo gaba ɗaya, ba don karkacewar faifai ba. Saboda haka babban suna ya zama "sauyin haske na dogon zango", "tangaɗin faifai" kuma reshe ne a ƙarƙashinsa. Irin na Aquila muna tsakanin "ambaliyar haske" da "ɓarkewar haske", ni dai na fi karkata ga ambaliya.